Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

A cikin fim ɗin nan na 1956 mai suna Invasion of the Body Snatchers, watau farmakin ɓarayin jiki, wata mata mai suna Wilma ta shaida wa likitan garinsu cewa baffanta Ira ba shi ba ne. Likita ya waiwaya, ga dattijo can yana yankan ciyawa a ƙofar gida. Fuskar tasa ce, muryar tasa ce, tafiyar ma tasa ce. Matar ba ta musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, har ma ta ƙara da cewa babu abin da baffanta ya sani wanda wannan mutum bai sani ba. Abin da ta rasa kawai shi ne wani ɗumi da ta saba gani a idonsa tun tana ƙarama. Kafin fim ya ƙare mai kallo ya gane cewa ita ce mai gaskiya: an ɗauke Ira, an ajiye wani abu a gurbinsa.

Tun daga wannan shekara masu shirya finafinai ba su daina komawa wannan rijiya ɗiban ruwa ba. Labarin Jack Finney, wanda ya fara fitowa a mujallar Collier's a 1954, ya kuma zama littafi a 1955, an mai da shi fim har sau huɗu, a 1956 da 1978 da 1993 da 2007. Galibin masu sharhi sun fi son su tambayi abin da labarin yake nufi, ko tsoron kwaminisanci ne, ko kuwa tsoron masu farautar 'yan kwaminis irin su Sanata McCarthy. Tambayar da ta fi dacewa da ɗalibin kimiyya dabam ce: ta wace hanya abin yake faruwa? Wanda ya bi wannan tambaya har ƙarshenta zai tarar cewa satar jiki ba tatsuniya ba ce ɗungurungum, domin akwai halittun da suke yin ta a bayan ƙasa kowace rana. Inda finafinan suka kuskure shi ne wajen zaɓen ɓarawo. Sun ɗora laifin a kan baƙo daga wata duniya, alhali kuwa baƙo shi ne wanda ya fi kowa kasa yin wannan aiki.

A labarin Finney, iri ne yake shawagi a sararin samaniya har ya faɗo gonakin Kalifoniya, ya tsiro, ya yi kwanso mai kama da na wake amma mai girman gaske. In aka ajiye kwanson kusa da mutum, sai ya tsage ya fitar da wani jiki mai siffar ɗan Adam wanda ba a gama ƙera shi ba, fuska ba alama, yatsu ba zane. Yana nan kwance yana jira. Da zarar mutumin ya yi barci, sai jikin ya kwashe kamanninsa da duk abin da ke cikin kansa, ya tashi da safe ya sa tufafinsa ya tafi aiki. Fim ɗin 1956 bai damu ya nuna inda jikin asali ya tafi ba. Na 1978, wanda Philip Kaufman ya mayar da labarinsa birnin San Francisco, shi ya cike wannan giɓi, ya nuna jikin yana rugurgujewa kamar busasshen ganye, motocin shara suna bi unguwa-unguwa suna kwashe tarkacen. A haƙiƙa wannan kisa ne da musanya, sunan sata kawai aka ba shi.

Wasu finafinan sun bar wa mutum jikinsa, suka ɗora masa mahayi. A labarin The Puppet Masters na Robert Heinlein, wanda ya fito a 1951 aka kuma yi fim ɗinsa a 1994, wata halitta mai kama da dodon koɗi marar kwanso takan manne a gadon bayan mutum, ta sadu da jijiyoyinsa, ta karɓe linzami. Mutumin yana nan a ciki, yana gani yana ji, amma hannu da baki sun zama na wani. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin harshensa ya riga ya tanadi kalmomin: a wasan bori cewa ake yi iska ta hau mutum, shi kuwa wanda aka hau sunansa doki. Akwai kuma mafi muni a ido, watau The Thing na John Carpenter, na 1982, wanda aka ɗauko daga wani labari da John W. Campbell ya rubuta a 1938. A nan wata halitta ce da aka tono daga ƙanƙarar Antatika take haɗiye ƙwayoyin jikin kare ko mutum ɗaya bayan ɗaya, tana kwaikwayon kowace, har a wayi gari babu ta asali ko guda. Jarumin fim ɗin ya yi tunani irin na ɗakin gwaji, kuma ya cancanci yabo. Ya ce in kowane yanki na wannan halitta rai ne mai zaman kansa, to jininta ma zai guje wa wuta. Ya ɗebi jinin kowa a ɗan faranti, ya gasa waya, ya riƙa tsomawa.

A fara da kwanson Finney. Abin da ya sa labarin ya shiga kan mutane shi ne zaton cewa in an kwafi jiki an kwafi mutum, kuma ba haka ba ne. Hassan da Husaini da suka fito daga ƙwai ɗaya suna da sinadarin gado na DNA iri ɗaya, amma in Hassan ya kwana yana hadda, Husaini ba ya tashi da ita. Tunkiyar nan Dolly da aka haifa a cibiyar Roslin ta Sikotlan a 1996, wadda aka samar daga ƙwayar halitta guda ta wata tunkiya mai shekara 6, ba ta zo duniya da sanin makiyayar da waccan ta yi kiwo ba. 'Yar tunkiya aka haifa, ta girma sannu a hankali kamar kowace. Abin da mutum ya sani yana zaune ne a mahaɗun da ke tsakanin ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin sun kai biliyan 86, mahaɗun kuwa ana ƙiyasta su da kimanin tiriliyan 100, kuma kowace tana da nata ƙarfi, wanda yake sauyawa gwargwadon abin da mutum ya gani ko ya ji ko ya maimaita.

Mai karatu zai fi gane nauyin wannan aiki in ya dubi abin da masana suka iya yi. Taswirar jijiyoyin wata 'yar tsutsa mai ƙwayoyin jijiya 302 kacal ta ci wa masana na Kambrij fiye da shekara goma kafin su buga ta a 1986. Ta ƙwaƙwalwar ƙudan 'ya'yan itace, mai ƙwayoyi kusan 140,000, sai a 2024 aka kammala ta. A wannan shekarar kuma masana na Jami'ar Harvard da kamfanin Google suka fitar da taswirar wani ɗan guntun ƙwaƙwalwar mutum wanda bai kai ƙwayar gero ba. Sai da aka yanka shi sala-sala fiye da 5,000, hotunan kuwa suka cinye gigabait miliyan 1.4, kuma ƙwaƙwalwa ɗaya tana ɗauke da irin wannan guntu fiye da miliyan. Wannan ne aikin da ake so a yarda cewa kwanso ya yi a dare guda, daga can ƙarƙashin gado, ba tare da ya fasa kai ba. Ba a ma zo maganar inda zai samo kilo 60 na nama da ƙashi kafin asuba ba, alhali kabewa ma watanni take yi kafin ta cika hannu.

Halittar Carpenter tana da 'yar'uwa ta nesa a duniyar gaske. Akwai wata sankara da karnuka suke ɗauka daga juna wajen barbara, wadda ƙwayoyinta ba na karen da ke ɗauke da ita ba ne, na wani kare ne da ya mutu dubban shekaru da suka wuce. Abin lura shi ne ƙwayar kare ce take zaune a jikin kare. Ba ta tsallaka zuwa akuya ko mutum, domin garkuwar jiki ba ta barin baƙuwar ƙwaya ta kwana.

Hawan doki ne ya fi kusantar gaskiya, kuma nan ne ya kamata a daɗe. Masana ilmin halittu sun tara misalai da yawa na cima-zaune, watau halittun da ke rayuwa a jikin wasu, waɗanda ba su tsaya ga cin abincin mai masauki ba sai da suka karɓe masa linzami. Mafi shahara ita ce wata fumfuna mai suna Ophiocordyceps, wadda take kama manyan tururuwa a dazuzzukan ƙasashe masu zafi. Bayan ta yi kwanaki tana yaɗuwa a ciki, sai tururuwar ta bar gidanta a ƙololuwar itace, ta sauko tana tangaɗi, ta hau wani ƙaramin tsiro, ta ciji jijiyar ganye ta ƙasa, ta mutu a maƙale. A binciken da aka yi a dazuzzukan Tailan an tarar cewa galibin cizon yana faruwa ne da tsakar rana, kuma a tsayin kamar santimita 25 daga ƙasa, inda danshi da zafi suka dace da fumfunar. Bayan kwanaki sai kara ya tsiro daga ƙeyar gawar, ya zubar da iri a kan hanyar da sauran tururuwa suke bi.

Kowane mai shirya fim zai ɗauka cewa fumfunar ta shiga ƙwaƙwalwa ta zauna kamar direba. A 2017 David Hughes da abokan aikinsa na Jami'ar Jihar Pensilbaniya suka yanka irin waɗannan tururuwa sala-sala, suka tarar cewa ƙwayoyin fumfunar sun cika jiki, sun yi saƙa sun nannaɗe tsokoki, amma ba su shiga ƙwaƙwalwa ba. Wani gwaji da aka buga a 2014, wanda Charissa de Bekker ta jagoranta, shi ne ya fi muhimmanci ga wannan magana. An ɗura fumfunar a jikin tururuwa iri dabam-dabam, waɗanda ta saba kamawa a daji da waɗanda ba ta saba ba. Ta iya kashe wadda ba ta saba da ita ba, amma ba ta iya sa ta yin cizon ba. Tururuwa ce 'yar dangi ɗaya, girma kusan ɗaya, amma linzami ya ƙi zama a bakinta.

Haka abin yake ga wani zanzaro mai launin kore mai sheƙi, Ampulex compressa, wanda ake samu a Afirka da kudancin Asiya. Kowa ya san zanzaron da ke gina ɗakin laka a kusurwar soro, ya cusa tsutsa ko gizo-gizo da ya sumar, ya yi ƙwai, ya liƙe ƙofa. Irin wannan ɗabi'a ce ma aka ara aka gina dodon fim ɗin Alien na 1979, mai girma a ƙirjin mutum. Amma koren zanzaro ya wuce nan. Kyankyaso yake farauta, kuma kyankyason ya fi shi girma, ba zai iya ɗaukarsa ba. Sai ya harbe shi sau biyu. Harbin farko a ƙirji ne, ya kashe ƙafafun gaba na ɗan lokaci. Na biyu ta wuya yake shiga har cikin kai, kuma Frederic Libersat da abokan aikinsa na Jami'ar Ben-Gurion sun nuna cewa ƙarin yana laluben ƙwaƙwalwa ne kafin ya zuba dafi. Kyankyason bai shanye ba, ƙafafunsa lafiya lau. Niyyar fara tafiya ce kawai aka cire masa. Zanzaro ya kama shi ta gashin kai ya ja, shi kuwa ya bi da ƙafarsa har cikin rami, kamar akuyar da za a kai kasuwa.

Dafin nan ya yi aiki ne domin ya dace da sinadaran da jijiyoyin kyankyaso suke aika saƙo da su, kamar yadda mabuɗi yake dacewa da kwaɗonsa. Irin wannan dacewa ba a samun ta da rana ɗaya. A ramin tarihi na Messel da ke Jamus an tono wani ganye mai shekara miliyan 48 ɗauke da tabon cizon tururuwa irin wanda fumfunar nan take sawa. Tsawon zaman da aka yi tare ke nan, kuma bayan duk wannan zama abin da fumfunar ta iya bai wuce ta ce sauka, hau, ciji ba. Ba ta iya sa tururuwa ta koma gida ta yi hira da 'yan'uwanta ba tare da an gane ta ba. To ina ga irin da ya faɗo daren jiya daga wata duniya, wanda bai taɓa haɗuwa da jijiya ko jini ko garkuwar jikin ɗan Adam ba, a ce da safe yana tuƙa mota yana amsa gaisuwa? Da ɗan gari akan ci gari.

Mai musu zai ce halittar da ta iya ƙetare tsakanin taurari ba za ta kasa ƙera mabuɗi ba. Maganar tana da ƙarfi, amma ba ita finafinan suka nuna ba. Kwanson Finney ba shi da jirgi ko ɗakin gwaji, iri ne da ya zo bisa tsautsayi, kuma an ce haka yake yi a kowace duniya da ya faɗa. Halittar Carpenter daga ƙanƙara ta farka ta kama aiki nan take. In kuwa aka ce baƙin sun daɗe a ɓoye suna nazarin ƙwaƙwalwar mutum, to sun daina zama baƙi, kuma an yarda da abin da ake musu ke nan.

Mutum ma yana da nasa mahaya, sai dai dukkansu na gida ne, kuma aikinsu ba shi da ladabi irin na fim. Bairas ɗin haukan kare sinadaran gina jiki 5 kawai yake ƙerawa, amma yana bin jijiya daga inda aka yi cizo har ƙwaƙwalwa, daga nan ya sauka cikin yawu. Yana harzuƙa kare ya yi ta cizo, yana kuma shaƙe maƙogwaro ta yadda yawun ba ya haɗiyuwa. Mabuɗinsa yana buɗe ƙofar dabbobi masu shayarwa da dama domin jijiyoyinsu sun yi kama da juna, amma abin da yake haifarwa ruɗewa ce da mutuwa cikin kwanaki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma yara ne da yawa daga cikinsu. Wanke ciwon da ruwa da sabulu na minti 15 da karɓar allurar rigakafi kafin alamu su bayyana suna tsare rai. In alamu suka bayyana, da wuya a tsira.

Kurkunu ya fi wannan wayo, kuma dattawan karkara a ƙasar Hausa ba su manta da shi ba. Mutum ya sha ruwan tafki mai ɗauke da 'ya'yansa, bayan kamar shekara guda tsutsar da ta kusa mita ɗaya ta fasa ƙurji a ƙafa mai zafi kamar garwashi. Ba abin da mai ciwon yake so irin ya tsoma ƙafar a ruwa, kuma abin da tsutsar take jira ke nan domin ta zubar da dubban 'ya'ya. Ba ta taɓa ƙwaƙwalwa ba, zafi kawai ta kunna, mutum ya kai ta inda take so da ƙafarsa. A ƙidayar 1988 Nijeriya tana da masu kurkunu fiye da 650,000. An ga na ƙarshe a 2008, kuma a 2013 aka tabbatar wa Nijeriya da Nijar cewa sun rabu da shi. Babu allura babu ƙwayar magani. Ƙyallen tace ruwa ne, da rijiyoyin burtsatse, da maganin kashe ƙwarin tafki, da kuma gaya wa mai ciwon ya tsoma ƙafarsa a bokiti ya bar tafki. Tururuwa ba a iya gaya mata haka.

Saura Wilma, wadda aka fara da ita. Abin da ta faɗa wa likita ba Finney ne ya fara jin irinsa ba. A 1923 likitocin ƙwaƙwalwa biyu na Faransa, Joseph Capgras da Jean Reboul-Lachaux, suka bayyana wata mata a Paris wadda ta haƙiƙance cewa an musanya mata miji da 'ya da masu kama da su. Ciwon yana ɗauke da sunan Capgras har yau, kuma ana ganinsa ga masu taɓin hankali, da tsofaffi masu ciwon mantuwa, da waɗanda suka bugu a ka. A 1990 Hadyn Ellis da Andrew Young suka kawo bayanin da ya fi karɓuwa. Suka ce ganin fuska hanya biyu yake bi a ƙwaƙwalwa, ɗaya ta faɗi ko wane ne, ɗaya ta tayar da motsin zuciyar da ya dace da shi. In ta biyu ta yanke, ido zai ce baba ne, zuciya ta yi shiru, hankali kuwa ya sasanta su da cewa wani ne ya shigo da rigar baba. Ɗumin da Wilma ta rasa a idon baffanta, a asibiti ba a idon baffan ake nemansa ba, a kan Wilma ake nema.

Nan ne finafinan suka yi abin da ya fi kuskuren kimiyya nauyi. A na 1956 likitan ƙwaƙwalwar da ya ce ruɗu ne ya kama mutanen gari, daga baya an gane shi ma ɗan kwanso ne, haka kuma takwaransa a na 1978. Mai kallo yana fita da darasin cewa in zuciya ta ce wannan ba naka ba ne, to ita za a bi, likita kuwa abin zargi ne, kuma maganin wanda ya sauya shi ne cokali mai yatsu na gona ko wuta. A littattafan likitanci akwai rahotannin masu ciwon Capgras da suka far wa iyaye ko mata ko 'ya'yansu bisa wannan yaƙini. Wanda halinsa ya juye dare ɗaya, da wanda ya wayi gari yana cewa an musanya masa uwa, dukkansu biyu marasa lafiya ne da ya kamata likita ya gani da wuri, domin zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa da buguwar kai da ciwon mantuwa kowanne yana da abin da ake yi masa.

A 1997 William Hirstein da V. S. Ramachandran na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego suka buga labarin wani saurayi da ya yi haɗarin mota, ya yi makonni a sume, ya farfaɗo da hankalinsa garau in ban da abu ɗaya: ya ce iyayensa ba su ba ne. Suka liƙa masa na'urar auna gumin tafin hannu, wadda takan motsa in mai lafiya ya ga fuskar wanda ya sani, suka nuna masa hotuna. Ga fuskar danginsa da ta baƙo, na'urar ba ta bambanta ba. Amma in mahaifin ya kira shi ta wayar tarho, inda ido ba ya cikin lissafi sai kunne, saurayin yakan gane shi, ya yi hira da shi a matsayin mahaifinsa ba tare da wata shakka ba.